Gorunan da na kwance wa ƙanin matata

Edita, na daɗe ina karanta abin da jama'a suke aiko maka, yau ni ma ga nawa. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni matashin malami ne a wata makarantar mishan da ke wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma ni ne shugaban 'yan sikawut na makarantar. Ban yi aure ba, ina da keke, ina da farin takalmi, ina kuma da ƙananan littattafan soyayya cike da akwati, irin waɗanda ake shimfiɗawa a tabarma a bakin tashar jirgin ƙasa, inda saurayi kan ƙetare teku saboda murmushin budurwa. Wata Asabar ina tsugune gaban mai sayar da su, sai ga wata babbar mota ta fito daga wajen injin gurzar auduga, an ɗaure mata kwalekwale a sama, baƙi, dogo, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ban taɓa ganin kwalekwale ido da ido ba sai a hoto. Na miƙe da littafi a hannu ina kallo har motar ta ɓace. Kafin keke ya kai ni gida na riga na gama tafiyar a zuciyata: ni a gaba, yarana a baya, muna bin gulbi kwana da kwanaki, inda yamma ta yi mana mu kafa tanti a kan yashi.

A lokacin ina neman 'yar wani dattijon ikilisiya, mai koyon aikin unguwarzoma, har magabatana sun kai gaisuwa an karɓa. Tana da ƙane, shi ne auta, shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakin mahaifiyarsu, kuma yana cikin 'yan sikawut ɗina. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa, to wannan yaro bai jira ɗaurin aure ba. A aji ladabi yake yi mini kamar kowane ɗalibi, amma da an tashi sai in koma mijin yaya, ko angon takarda. Yakan ce wai in yi sauri, akwai direban babbar mota da ke zuwa gidansu da sabulu mai ƙamshi, ni kuwa sai waƙa nake kawowa. Ni ma in ce masa ɗan Inna, wanda har yanzu ake hura wa kunu. In na ce a ɗaura ƙulli sai ya ce shi bai iya ba, alhali babu wanda ya kai shi iya igiya. In na ce a ɗauko guga sai ya dafe baya ya ce tsufa ya kama shi. Haka na saba, duk abin da ya fito daga bakinsa zuwa gare ni wasa ne, kuma daɗi nake ji, don kowace tsokana tana nuna mini gidan sun karɓe ni.

Shirin da na yi wa tafiyar nan har yau ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Hedimasta ya ce ya yarda in iyaye sun yarda. Iyaye kuwa suka ƙi, domin hutun damina shi ne lokacin da ciyawa ke cin auduga, kowane uba yana bukatar hannun ɗansa. Wani Alhaji ma ya tambaye ni, wai Malam ruwan da Allah yake saukarwa daga sama bai ishe ni ba sai na kwashi 'ya'yan mutane mun tafi neman na ƙasa? Ban yi gardama da kowa ba. Na tara yaran, kowa ya ɗauko fartanyarsa, muka kira mai ganga, muka shiga gayya gona bayan gona, ta Kirista da ta Musulmi, har muka nome gonar uban kowane yaro. Alhajin nan da ya ga gonarsa fes, shi ya fara cewa a tafi, ya kuma aiko mana da gyaɗa aka yi ƙuliƙuli. Na hau keke na je ƙauyen masunta a bakin gulbi, na gai da sarkin ruwa da goro yadda ya kamata, ya ba mu aron kwalekwale biyu, ya haɗa mu da samarinsa masu riƙe tuƙi. Tanti muka ɗinka da tsohon tamfol. Gumba da garin dawa da kuka da daddawa muka zuba a garwa muka liƙe bakin don kada ruwa ya shiga.

Kullum da la'asar mukan jera bencina a ƙarƙashin ɗorawa, yara su hau su zauna bi da bi, kowa da katakon da muka sassaƙa kamar filafili, ina busa usur suna tuƙa iska. Mata masu dawowa daga rijiya sukan tsaya su yi ta dariya, suna cewa Malam ya kusa kai yara Makka ta kan tudu. Ban damu ba. Na koya musu jifa da igiya, da yadda ake miƙa wa wanda ruwa ya ci sanda ba hannu ba, da yadda ake kwantar da shi a danna ƙirjinsa ruwan ya fito. Na sa kowane yaro ya nemo busassun goruna na duma, aka toshe bakinsu, aka yi musu igiya yadda za a ɗaura su a ƙarƙashin hammata su riƙe mutum a saman ruwa.

Sai ranar gwajin iyo, a babban kududdufin da ke bayan kasuwa. Kowane yaro ya tuɓe ya ƙetare ya dawo ina kallo. Da aka zo kan ƙanin budurwata, ya tsaya a bakin ruwa da wannan murya tasa ta kullum, ya ce mijin yaya shi fa bai iya ruwa ba, Inna ba ta taɓa bari ya shiga ko ƙorama ba. Yara suka fashe da dariya. Na ce haka ya ce jiya a kan ƙulli, in ya ga dama ya tsaya ya riƙe mana riguna kamar ƙawar amarya. Ya tattara rigunan ya rungume, ya shiga kwaikwayon tafiyata, kai sama, hannu ɗaya a ƙirji kamar mai karanta waƙar soyayya. Na yi dariya har da hawaye, na kuma lissafa shi a cikin masu iyo. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa ɗan manomi mai wannan shekaru zai rasa iya ruwa.

Da tafiya ta ƙarato na je hira da yamma a ƙofar gidansu. Budurwata ta ce mini Inna ta rage cin abinci tun da aka sa rana, ta ce ga auta nan a hannuna. Ni kuwa na buɗe baki da maganar littafi, na ce gara gulbi ya haɗiye ni da gashin kansa ɗaya ya jiƙe ba da sonsa ba. Ta ce in ajiye wannan, in dai dawo mata da shi. Ba ta ce mini bai iya iyo ba, domin ya riga ya gaya mata cewa ya faɗa mini, ita kuma ta ɗauka na ji.

Ana gobe tafiya muka sauka bakin gulbi da hantsi don darasin ƙarshe. Na zaɓi wani wuri mai zurfi inda ruwa ya kwanta, na ce za mu kifar da kwalekwale da gangan, domin wanda ya taɓa kifewa a gaban malaminsa ba zai ruɗe ba ranar da abin ya zo ba shiri. Muka yi na farko da goruna a jiki, kowa ya taso yana dariya. Sai na ce a sake, wannan karon babu goruna. Babu abin da ya wajabta haka, ni dai a zuciyata jarumi ba ya shiga ruwa da duma a hammata. Kowa ya kwance nasa ban da ƙanin budurwata. Shi kuwa ba nasa kaɗai ya ɗaura ba, har da na aro, yara suna ta kiransa mai tallan goruna. Ya matso kusa da ni ya rage murya, bai ce mijin yaya ba, sai ya kira ni Malam, ya rantse mini bai iya ruwa ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce yau zan gaya wa yayarsa ashe ƙanwa take da ita ba ƙane ba. Na sa hannuna na kwance igiyar gorunan ɗaya bayan ɗaya na jefa su kan yashi. Bai hana ni ba. Ga abokansa suna kallo, ga ni malaminsa. Ya dubi gorunan, ya dube ni, ya shiga kwalekwalen ya zauna.

Na busa usur, aka kifar. Kawuna suka fara ɓullowa ina bin su da ido, nasa bai ɓullo ba. Ruwan damina ja ne, ba a ganin komai a cikinsa. Na nutse ina lalube, na taso, na sake nutsewa, sai hannuna ya kama ƙyallen sikawut da ke wuyansa can wajen saiwoyin wata bishiya. Ya yi nauyi, ƙarfina kuma ya ƙare. A nan ne aikin da muka yi a ƙarƙashin ɗorawa ya yi rana. Babu yaron da ya gudu, babu wanda ya faɗo mana a ruɗe. Ɗaya ya jefo igiya ta faɗo daidai kafaɗata, sauran suka jeru suka ja mu zuwa gaɓa, babban cikinsu ya kwantar da shi ya shiga danna masa ƙirji yadda na koya musu, ni ina durƙushe ban iya komai ba. Can ya yi tari, ruwa ya fito ta baki ta hanci, ya buɗe ido. Na kama hannunsa ina ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Malam.

Ni na goyo shi a keke zuwa gida, ni kuma na faɗi abin da ya faru da bakina a gaban mahaifinsa, ban rage komai ba, har da kwance gorunan. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Ubangiji ya kiyaye, a gode masa. Inna ta ja ɗanta ɗaki, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba. Yarinyar tambaya ɗaya ta yi mini, ko ya gaya mini bai iya ba. Na ce ya gaya mini. Ta juya ta bar ni a wurin, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na so in fasa tafiyar, dattijon ya ce a'a, 'ya'yan mutane sun nome gonaki saboda ita. Muka tafi babu shi, kowa da gorunansa a jiki har ni, muka ga abubuwan da na yi mafarkinsu, muka dawo lafiya. Aurenmu ya ja baya har bayan wata kakar, amma an ɗaura, kuma muna tare har yau.

Abin da nake so malamai da shugabannin matasa su ɗauka daga labarina shi ne, ba shirin ne ya gaza ba, shirin ma shi ya ceci ran yaron. Abin da ya kusa kashe shi kunnena ne, wanda wasa ya toshe. Mu mutane ne masu wasa da ƙannen mata, da taubasai, da jikoki, kuma abu ne mai daɗi da ke ƙara zumunci. Amma duk ranar da aka damƙa maka ɗan wani za ku wurin da ake iya mutuwa, ka ajiye wasan a gida. Ka gwada kowa da idonka, har wanda ka fi so. In yaro ya ce bai iya ba, ka ja shi gefe inda abokansa ba sa ji ka sake tambayarsa, ka kuma yarda da abin da ya faɗa.

Shi kuwa ya girma, ya yi aikin duba dabbobi a wajen Musawa har ya yi ritaya, kuma duk ƙasar an san shi da barkwanci. Fulani sukan tsayar da shi a kasuwa don kawai ya ba su dariya. Yana tsokanar yayarsa, yana tsokanar 'ya'yana, har ƙanena bai bari ba. Amma in ya zo wurina sai ya cire takalmi ya rusuna ya ce Malam ina kwana, in na tambaye shi abu ya amsa daidai tambayar, ya tashi. Bai taɓa yi mini rashin kirki ba, ko asibiti na kwanta shi ne farkon zuwa. A wajen bikin wata jikata na ga ya ajiye hularsa zai wanke fuska, sai na ɗauke na ɓoye a bayana ina murmushi, ko zai ce wani abu. Ya juyo ya gan ni. Ya tsaya a gabana kai babu hula, furfura a waje, hannuwansa a haɗe, yana jira. Da na ga tsayuwar ta yi yawa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya gode, Malam.