Sun Ce Saratu Ce Ta Sa Mini Guba

Fiye da shekara arba'in ban faɗa wa kowa wannan ba, har 'ya'yana. Yau zan faɗa, kuma raina a ɓace yake.

A ƙarshen shekarun 1970 ina koyarwa a firamare a Kafanchan. Da burkutu na fara shan giya, na koma ogogoro mai ƙarfi. Da safe hannuna rawa yake yi, ba na iya riƙe alli sai na kurɓa. Hedimasta ya gani. Dattawan coci sun gani, suka hana ni cin Jibin Ubangiji a sujada, shi ke nan. Ba wanda ya ce mini ciwo ne.

Idona ya yi rawaya, cikina ya kumbura. Wata Talata na yi aman jini a gaban aji.

Matata Saratu ta kai ni asibitin mishan. Aka ɗebi jini, aka sa mini ruwa. Likita ya danna cikina ta dama, ya ce hanta ce, in na ci gaba ba zan ga Kirsimeti biyu ba. A kwana na uku, da rana tsaka, na dinga ganin kiyashi suna hawa jikina, sai da aka ɗaure ni a gado.

'Yan'uwana suka zo daga Manchok suka ce Saratu ce ta sa mini guba. Wana Bulus, wanda muke sha tare, ya mare ta a bakin ƙofa, ya ce ta kwashe kayanta. Ina ji. Kwana biyu na yi shiru, domin ƙaryar ta rufa mini asiri.

Wata nas ta tsaya a kaina ta ce, "Ticha, ka san wanda ya ba ka gubar nan. Za ka faɗa, ko in kira likita?"

Na tara 'yan'uwana, na ce giya ce, da hannuna na sha. Bulus ya ce, "To wa ba ya sha?" Ya fita.

Sau biyu na koma sha, sau biyu Saratu ta mayar da ni asibiti. Daga nan ban ƙara ba.

Na gode wa Ubangiji, da nas ɗin nan, da Saratu, wadda ta rasu bara ba wanda ya ba ta haƙuri sai ni.

In sai ka sha hannunka ke daina rawa, je asibiti. Faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha. Kada ka yanke shan giya lokaci ɗaya a gida, yana iya kisa.

Ku kuma dangi, ku bar neman mayya. Ku duba ƙarƙashin gadon mara lafiyan, za ku ga kwalabe.