Duna a Cikin Kwando

Kara-Kara zuwa ƙauye

Ina sallame asuba na fita daga gida a Kara-Kara, unguwarmu a Zinder, na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Tirmini. Gwaggona Hassu, ƙanwar mahaifina, ita ta aiko a kira ni. Mahaukacin kare ya ratsa ƙauyensu, mai gari ya ce duk karen da ba a yi wa allura ba kafin Juma'a za a kashe shi. Gwaggo ita kaɗai take zaune a bakin gari, idonta ya yi rauni, karenta Duna ne ke tsare mata awaki.

Daga Tirmini na ƙarasa a amalanke. Na tarar ta dama fura.

"Sani, ka sa masa igiya ku tafi Zinder wurin likitan dabbobi," in ji ta. "Ba ya cizo."

A nan na yi laifina na farko. Kunya nake ji a gan ni da hula da carbi ina jan kare. Na ari babban kwando, na sa shi ciki, na rufe da buhu na ɗaure.

Hanyar Zinder

Da hantsi na samu buɗaɗɗiyar mota mai ɗauke da gero da mutane. Direba ya taɓa kwandon da ƙafa.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Akuya ce," na ce. Laifi na biyu ke nan, Allah Ya yafe mini.

Aka ajiye kwandon kusa da wani dattijo mai farar riga, ya ɗora gwiwar hannu a kai. Duna bai yi motsi ba sai a bariyar, wato shingen binciken motoci, inda jandarma ya zo yana bubbuga kaya da sanda. Ya yi haushi sau biyu. Dattijon ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Akuyarka ta daɗe tana wannan kukan?" in ji direba.

Jandarman ya yi dariya ya ce shi ba ruwansa. Direba kuwa ya sauke mu. Ya ce da na faɗi gaskiya, da ya ɗaure shi can baya wajen buhuna, don ya saba ɗaukar karnukan mafarauta.

Na kwance kwandon. Duna ya fito yana lallage, harshe waje. Ruwan butata na zuba masa a murfin kwano. Muka kama hanya a ƙasa, igiya a hannuna, kwando a kaina. Babu kabu-kabun da ya tsaya. Ta unguwar Zango muka ratsa, inda duk masu shaguna suka san ni. Mutum biyu suka gaishe ni, ɗaya ya tambayi sunan karen. Babu wanda ya ƙara komai.

Wurin likitan dabbobi

Bayan azahar muka isa. Wata mata ce likitar. Ta duba bakinsa da jikinsa, ta tambaya ko mahaukacin ya cije shi, na ce a ɗaure yake ranar. Ta yi masa allura a wuya, ta ba ni kati.

"Shi ke nan har abada?" na ce.

"A'a, Malam. Baɗi ka dawo da shi, da kowace shekara, muddin yana raye. Akwai mage a gidan?"

"Akwai."

"Ita ma haka."

Na kwana a gida, Duna a zaure. Maiɗakina ta ba shi ɗumamen tuwo.

Komawa

Ran Alhamis a tasha na ce wa direban farko da na gani, "Kare ne da ni." Ya nuna mini bayan mota. Kafin la'asar mun isa. Mai gari ya dubi katin, ya ce a bar shi.

Gwaggo ta shafa wuyan Duna tana laluben wurin allurar. Na ba ta labarin duka, har da akuyar, na kuma faɗi maganar magen.

"To, kwandon dai ya yi wa mage daidai," ta ce. "Amma ka ce musu mage ce."

Na iso Kara-Kara ana kiran magariba. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa likitar. Dattijo mai farar riga, in wannan labari ya kai gare shi, ina roƙonsa gafara.