Tagar Mahgul

Duk wanda ya san lungun nan na Dehmazang, inda gidajen Kabul suka fara hawa dutse, ya san tagar Mahgul, don ba ta da kyan gani ko kaɗan. An manne gilashinta da salatif a tsaye da a gicciye, ciki da waje, ga wani tsohon bargo rataye a gefenta. Sakatarta kuwa ba a sa ta, ko ana zuba ƙanƙara. Matan lungu suna kiranta taga mai jinya, suna dariya. Su yi ta dariya mana, idonsu bibbiyu ne.

Mahgul ido ɗaya gare ta, kuma da shi take ci. Ɗinkin hannu take yi, aikin nan na farin zare a ƙirjin rigunan maza, wanda sai an bi zaren yadi ɗaya bayan ɗaya kafin a soka allura. Lantarkin Kabul kuwa baƙo ne, ya leƙo ya gaishe ka ya wuce. Dole ta zauna gindin taga tun hantsi har la'asar, gindin abin da ya cinye mata idon hagu.

Abin ya faru ba da jimawa ba bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta. Wata safiya aka ji harbi daga bakin titi, ta yi abin da kowa yake yi, ta tashi ta leƙa. Motar da ta tashi da bom tana can nesa, ko hayaƙinta ba ta gani ba. Ba wuta ce ta same ta ba, ba ƙarfe ba. Tagarta ce, wadda ta wanke da hannunta ana gobe. Likita ya yini da hantsaki yana tsintar gilashi a fuskarta.

Usta Barat, tsohon da ya zo sa sabon gilashi, shi ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya. Ya ce, "'Yar'uwa, iskar bom ba ta sallama. In ta tarar da taga a kulle gam, fasawa take yi ta shiga. Bar mata sakata a buɗe, ta banke ta wuce. Salatif ba ya hana fashewa, ɓaraguzan kawai yake riƙewa, su ma ba duka ba. Ki zauna a gefe, kada ki ba gilashi fuskarki. In kin ji ƙara, ki nemi ƙasa, ban da leƙe." Ta riƙe maganar nan kamar addu'a. Bama-bamai suka yi ta tashi a birni, tagarta ta tsage ba sau ɗaya ba, amma ita Mahgul ko ƙwarzane ba ta sake yi ba.

Sai yayanta Sahidad ya dawo daga Dubai da tumbi da turare. Ya ɗora wa gidan bene, ya shafe gabansa da shuɗin gilashi mai ɗaukar ido, irin wanda masu sabon arziki suke yayi. Ɗakin Mahgul yana ƙasa dab da ƙofar shiga, saboda haka tagarta ce baƙo yake fara gani. Abin ya tsaya wa Sahidad a rai. Wai a garin da bom yake tashi a kasuwa da masallaci, abin kunyar mutumin nan salatif ne!

Nauroz ta matso, bikin sabuwar shekara da ake yi in sanyi ya fara ja da baya. Kafin ta zo kowane gida sai an kakkaɓe shi, a fitar da darduma a buge, a yaye ledar sanyi daga tagogi, a goge gilashi har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Gidan da ya shiga shekara da dauɗa, a cewarsu, da dauɗa zai fita.

Sahidad ya tsaya a bakin ƙofarta yana wasa da makullin mota. "Mahgul ƙanwata, bana manyan baƙi gare ni. Tagar nan taki ta ishe ni. Gida kamar ango, ke kin ɗaura masa bandeji a goshi."

Ba ta ɗago daga ɗinkin ba, ta kira shi Lala, yadda ake kiran yaya a garin. Ta ce, "Lala, gara a goshin gida da a nawa."

"Abin da Allah ya rubuta, salatif ba ya goge shi."

"To me ya sa kake kulle motarka?"

"Bakin nan naki," in ji shi, "shi ya kamata a manne."

Ana jibi biki ta gangara kasuwar Mandawi ta kai aikin da ta gama, ta sayo zabibi da gyaɗar fistak na jiƙon 'ya'yan itatuwa da ake sha ranar biki. Tana shawo kwanar lungu ta ga rana tana walƙiya a tagarta. Ta tsaya cak. An ɓare salatif ɗin tas, an wanke gam ɗin da kananzir, an sa sabuwar sakata an ɗaure ta da ƙusoshi, wai kada ƙura ta shiga. Bargon ma an ba wani mai baro. Nafasgul matar Sahidad ta tare ta da murna, tana cewa, "Dubi yadda ɗakinki ya yi haske! Ba za ki gode ba?"

Gode? Mahgul ta ji kamar ta shaƙe ta. Ta hau bene ta sauko, ta yi faɗa har muryarta ta dishe, Sahidad ko a jikinsa. Ta fita neman salatif, mai shagon lungu ya rufe ya tafi ƙauyensu biki. Ta ja shimfiɗarta can ƙuryar ɗaki, nesa da gilashin, ta ɗauki rigar da take yi. Zaren ya ɓace mata a duhu. Ta matso haske, tsoron gilashin ya hana ta soka allura daidai. Wuni guda ko fure ɗaya ba ta gama ba, sai kukan takaici da ta yi, da idon nan ɗaya.

Ranar biki maza suka hau bene, mata kuwa Nafasgul ta kawo su ɗakin Mahgul, tun da yanzu ya zama abin nunawa. Ta jera su gindin tagar. Aka zuba koren shayi, aka raba jiƙon 'ya'yan itatuwa a ƙananan kwanuka. Ana cikin yabon labule sai ƙasa ta girgiza. Gilashin ya yi wani irin gurnani, ya lotso ciki, ya koma. Matan nan duka suka kife, cokula suka watse, shayi ya malale a darduma. Mahgul tana ƙurya, ta danne idon dama da hannu biyu.

Gilashin bai fashe ba. Can wata ta yi dariyar kunya ta ce, "Nesa ne, wajen ma'aikatu ne." Wata ma, don wauta, ta miƙe ta manna goshi a gilashin tana neman hayaƙi. Sahidad ya sauko yana gyara hula, ya ƙwanƙwasa tagar da yatsa. "Kin gani ko? Ba salatif, ba bargo, ko tsagewa bai yi ba. Tsoro kawai kike sa wa mutane."

Mahgul ta miƙe. Ta ce wa matan, "Ku fita tsakar gida." Muryar da ta yi maganar ba ta bar wurin musu ba. Ta shiga kicin ta ɗauko taɓaryar ƙarfe da ake daka kayan shayi, ta naɗe fuskarta da gyale ruf, ta tsaya a gefe yadda Usta Barat ya koya mata. Ta maka wa gilashin. Ya zube waje cikin lungu da ƙarar da ta fito da maƙwabta. Ta bi firam ɗin kusurwa-kusurwa tana kakkarya abin da ya saura, har babu tsini ko ɗaya.

"Kin haukace?" Sahidad ya daka tsawa. "A gaban baƙina? Wallahi ba zan sa wani ba! Sanyi ya kashe ki a ciki!"

Ta warware gyalen, ta juya masa gefen fuskarta na hagu, wanda tun da ya dawo bai taɓa yarda ya kalla sosai ba. Ta ce, "Kada ka sa, Lala. Sanyi na san maganinsa, bargo ne. Wannan fa, a wane shago na Dubai ake sayar da shi?"

Ya kawar da kai. Baƙin ma kowa ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Ta ɗebo tsintsiya ta share lungun, don yara suna wucewa ba takalmi. Ta lalubo ledar sanyin da aka yar a bayan gida, ta kafa ta a firam ɗin da ƙananan ƙusoshi. Hasken da ke ratsa leda dishi-dishi ne, iska kuma tana shigowa ta gefe tana cizon yatsu. Ta ja shimfiɗarta ta zauna tsakiyar tagar, fuska ga haske, inda rabonta da zama tun tana da ido biyu. Ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura, ta zura.