Amaryar Kan Allon Talla

Scholastica Yafet 'yar Manchok ce, daga gidan manoman citta, amma tun ranar baftisma ba a sake kiran ta da cikakken sunan nan ba. A gida da makaranta duk Sukola ake ce mata. Tun tana ƙarama aka san ta da ɓarnar tsumma. Ita ce ta taɓa yanke gefen labulen ɗakin babanta ta ɗinka siket, aka yi ta neman ɓeran da ya yi wannan aika-aika har ranar Lahadi, da aka ga ɓeran ya fito zai tafi coci sanye da labulen.

Da ta gama sakandare, Baba Yafet ya so ta nemi makarantar koyon jinya. Ta same shi a tsakar gida yana shan gwate, ta durƙusa ta ce, "Baba, ni harkar fashin nake so in shiga."

Ya ajiye cokali. Hausar Baba Yafet ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. "Fashi? Kai Sukola! A gidan nan? Ina dattijo a coci?"

"Ba fashi da makami ba, Baba. Fashin na kaya."

"To, da me ɓarawo yake ɗauka in ba kaya ba?"

Sai da mahaifiyarta, Mama Tamar, ta leƙo daga kicin ta ce masa ɗinki yarinyar take nufi, sannan ya sauke numfashi. "To ka ce tela mana!"

"Ba tela ba ne, Baba, dizaina. Tela abin da aka ce ya ɗinka yake ɗinkawa. Dizaina kuwa abin da ta ga ya dace."

"Oho," in ji shi. "Ashe dizaina ne ya ɓata mini wandon Kirsimeti."

Duk da haka ya bar ta ta tafi Kafanchan, ta sauka wurin wata ƙanwar mamanta.

Aka kai ta wurin Madam Faustina, wata doguwar mace mai gilashi a goshi, wadda ta taɓa zama a Abuja kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Shagonta yana bayan kasuwa, sai dai in ka kira shi shago ba za ta amsa ba, situdiyo ne. Ta ce ita ba ta ɗaukar 'yan koyo irin na da, intanshif take ba mutane. Sukola ta ji daɗin kalmar har ta buga waya gida ta faɗa. Cikin mako guda ta gane ma'anarta: shara, guga, sayo alale, ɗauko ɗan Madam daga makaranta, da warware ɗinkin da wasu suka ɓata. Damina ta zo ta wuce, ƙafarta ba ta taɓa keken ɗinki ba, sai in za ta goge shi.

Albashi kuwa babu, don haka ta shiga buga-buga. Ran Asabar tana zuwa gidajen biki ɗaurin gwaggwaro. A bikinta na farko ta ja ɗaurin uwar amarya da ƙarfin mai ɗaure buhun citta, girar matar ta ɗage sama, duk hotunan bikin suka fito kamar yanzu aka gaya mata 'yarta za ta yi aure. Ta yi aikin manna duwatsu a leshi har yatsunta suka daina jin zafi. Ta kuma riƙa taya Hajiya Kubra, mai sayar da atamfa a cikin kasuwa, ninke kaya. Hajiya ce ta lura yarinyar tana satar kallon wani tsohon keke da ke bayan rumfa, ta ce, "'Yata, hau ki taka, ai ba cizo yake ba." A kan wannan keken, da ƙyallayen da suka rage, Sukola ta koyi miƙe layin ɗinki.

Da Disamba ta matso, lokacin da kowace Asabar sai an ɗaura aure a coci-coci, Madam ta ce za ta yi ƙaton allon talla na rigar amarya. Ta yi magana da wata yarinya mai tallar kaya daga Jos. Ranar ɗaukar hoto mai hoto ya iso, ya kafa fitilunsa, yarinyar Jos kuwa wayarta a kashe. Madam ta zagaya shagon, ta sauke gilashi kan hanci, ta ƙare wa Sukola kallo.

"Ajiye dutsen gugar nan. Wanke fuska."

Rigar ta yi mata yawa, aka tattare bayan da maƙalan shanya. Ta yi mata tsawo, aka ɗora ta a kan kiret na lemo. Mai hoto ya ce amarya ba ango ba ta sayar da riga. Namiji ɗaya ne a kusa, Silvanus, mai gyaran janareto, wanda ke tsugune a bayan shago hannunsa baƙi ƙirin. Aka wanke shi da sabulu har gwiwar hannu, aka zura masa kwat ɗin mijin Madam. Wando bai samu ba, aka ce daga ƙugu zuwa sama za a ɗauka.

"Ku kalli juna kamar masoya," in ji mai hoto.

Silvanus ya sunkuyo, warin fetur na tashi, ya raɗa mata, "Sista, ki gaya wa Madam filogin janareton nan ya mutu, ba ruwana in ya sake tsayawa."

Dariya ta kuɓuce mata, shi ma ya yi, mai hoto ya danna. Hoton ya fito da kyau fiye da yadda kowa ya zata. Mai buga allon ya rubuta fatan alheri ga sababbin ma'aurata da manyan haruffa, sunan situdiyon Madam kuma ya matse shi can ƙasa, ƙanana. Aka kafa allon daf da tashar da motocin Manchok ke lodi.

Kafin Lahadi hoton ya shiga kowace waya a Manchok. Matan zumunta suka shigo gidan Mama Tamar da guɗa, suna taya murna suna kuma ƙorafin an yi biki ba a fitar musu da anko ba. Baba Yafet kuwa a ƙofar coci aka tare shi ana ba shi hannu. Ya buga wa Sukola waya, ita kuma tana wani gidan biki, kiɗa ya hana ta ji.

Ran Litinin da safe tana shara, sai ga iyayenta a ƙofar shago, Baba da hularsa ta zuwa taro, Mama da jajayen idanu.

"Ina mijin?" in ji Baba, ko gaisuwa babu.

"Wane miji, Baba?"

"Wanda ka aura ba ka gaya mini ba! Ni na haife ka, sai a tasha zan ga aurenka?"

Ba ta kai ga amsawa ba wani ɗan acaɓa ya ci burki, wata gajeriyar mace ta diro. Doreen ce, malamar firamare daga Samaru Kataf, wadda aka riga aka fara sanar da aurenta da Silvanus a cocinsu. Ta dubi Sukola sama da ƙasa, ta ce, "Ke ce? Ko kyau ma ba ki kai na hoton ba."

Madam ta aika aka kira Silvanus. Ya shigo da sifana a hannu, yana ganin taron ya juya, Baba ya cafke masa riga.

"Kai ne ka ɗauki yarona, ko akuya ba ka kawo ba?"

"Baba, wallahi ni janareto na zo gyara!"

"Shekara nawa muna tare," in ji Doreen, "ba ka taɓa yi mini irin wannan murmushin a hoto ba."

"Maganar filogi muke yi, Doreen!"

Madam ta ga shagonta ya fara tara 'yan kallo, ta ciro waya ta nuna musu hoton tun kafin a yanke shi. Ga ango da kwat a sama, wandon aiki duk baƙin mai a ƙasa, da silifas kowace ƙafa kalarta daban. Ga amarya tsaye a kan kiret, maƙalan shanya jere a bayanta. Mama Tamar ce ta fara fashewa da dariya, har ta zauna a kan leshin mutane. Baba ya saki rigar, ya daɗe yana kallon Silvanus, sannan ya ce, kamar da 'yar nadama, "Amma dai yaron yana da sana'a."

Doreen ba ta yi dariya ba. Ta ce a sauke allon. Madam ta ce allon nan ya kawo mata amare, ba mai taɓa shi sai bayan sabuwar shekara, amma za ta ba ta aron rigar kyauta ranar bikinta.

"Rigar da ya riga ya yi aure da ita?" in ji Doreen. "Allah ya kiyaye."

Madam ta ce to ita aiki ya yi mata yawa. Ta nuna Sukola da almakashi. "Ga wadda ta jawo. Ki kawo yadi ta ɗinka miki sabuwa."

Haka Sukola ta samu aikinta na farko, daga hannun macen da ba ta son ganin ta. Wurin awo Doreen sai tsaki take yi mata. Sukola ta yanka yadin, kuma ta ɓata shi: hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zif ya karkace kamar hanyar hawa dutsen Kagoro. Ta ɗauki rigar ta tafi rumfar Hajiya Kubra ta zauna tana kuka. Hajiya ta bar ta ta gama, ta miƙa mata reza, ta ce, "Ai warwara kam kin fi kowa iyawa a garin nan. Fara." Ta warware, ta sake, ta kuma warwarewa. Da Doreen ta zo gwaji na ƙarshe, ta tsaya gaban madubi, ta juya hagu, ta juya dama, sannan ta ce, "Ba laifi." Ta ƙara da cewa dole Sukola ta zo bikin da allura da zare, ta zauna kusa, don ba ta yarda da hammatar rigar ba.

Aka ɗaura auren a Samaru Kataf. Da amarya ta shigo coci, mawaƙa na rerawa, farar rigar na jan ƙasa yadda ta auna ta, ƙwalla ta cika wa Sukola ido. Ita ta yi wannan, da hannunta, kuma mutane sun miƙe tsaye suna kallo. Tana cikin share ƙwalla Fasto ya kai wurin tambayar nan, ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu. Cocin ya yi tsit. Sannan, layi bayan layi, kawuna suka juyo gare ta, don rabin mutanen sun bi ta tashar nan. Ga ta a benci na biyu, tana hawaye. Fasto ma ya tsaya yana jira. Sukola ta rasa abin yi, ta ɗaga zare da allura sama. Wata tsohuwa da ke gefenta ta dafa mata gwiwa ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ubangiji zai ba ki naki."

Hammatar kuwa ta yage wurin rawa, kamar yadda Doreen ta faɗa. Suka shige bayan rumfa, amarya ta ɗaga hannu sama, Sukola na ɗinkewa, sai suka haɗa ido, dariya ta kama su har allura ta soki Doreen. Daga ranar suka zama ƙawaye, kuma malaman makarantar Doreen ne suka fara kawo mata ɗinki.

Ta ƙara shekara a wurin Madam kafin ta fita. Yanzu tana da rabin shago a kan hanyar Kagoro, ɗaya rabin na wani mai cajin waya ne, da keke ɗaya da ta saya hannu na biyu. Har yanzu tana zuwa ɗaurin gwaggwaro in ɗinki ya yi ƙasa, kuma tana maganar wata rana za ta kai kayanta Kaduna a nuna. A watan jiya wata ƙungiyar mawaƙan coci daga Mararaban Rido ta ba ta ɗinkin rigunansu gaba ɗaya, aiki mafi girma da ta taɓa samu. Ta je awo da kanta. Matan ba su ba ta wahala ba, mazan ne kowa ya ga tef ya nufo cikinsa sai ya shanye tumbi ya ɗauke numfashi. Da ta gaji, ta ce wa shugabansu kowa ya ja baiti ɗaya da ƙarfi yayin da take auna shi. Haka aka yi awon, mutum na waƙa tana zagaya shi da tef, sauran na amshi.