Ramar Matar Mahauci

Balaraba mai tuyar awara a Gyaɗi-Gyaɗi tun tana budurwa take da jiki, har ta haifi 'ya'ya biyar abin bai dame ta ba. Sai da wata marar kunya a gidan biki ta ce kujerar roba ba za ta ɗauke ta ba. Washegari ta sayo ƙwayoyin rage ƙiba, wai da ciyawar teku ake haɗa su. Ita da ko tekun ba ta taɓa gani ba! Ta ɓoye su, ta daina cin tuwo.

Ko ƙwayar ce ko yunwar, oho, ta dai rame.

Mijinta Magaji mahauci ne a Tarauni. Ran nan ya dawo ya tarar da rabin buhun shinkafa a tsakar gida. Mahaifiyar Balaraba ce ta aiko da ta ga ramar 'yarta, wai a yi haƙuri, kowa ya san halin da ake ciki.

Magaji ya dubi buhun, sannan ya ce, "Balaraba, yau gidana aka kawo wa sadakar abinci. Me na rage ki da shi?"

Ta buɗe baki, ta kasa ambaton kujerar roba.