Kukan Mushtari a Kaset Ɗin Baba

Ranar wata Laraba a daminar 1979, bayan la'asar, na tsuguna a ɗakin Inna a Roni, yatsuna biyu a kan maɓallan rikodarmu. Inna ta shiga maƙwabta barka, ƙannena suna carafke a zaure. Ina aji shida lokacin, kuma duk unguwa an san ni da rawar kai.

Malam Sabo, mai koya mana kimiyya, shi ya kunna ni. Da safe ya zana Mushtari a allo, ya ce duniya ce da ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kewaye da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki waɗanda ido ba ya gani. Motsinsu yana ta da igiyoyi, wani kumbo da aka harba yana kamo su da dogayen eriya, masana kuma su mai da su sauti. Daga kaifin sautin suke gane yawan ƙwayoyin. "Kamar yadda iyayenku ke ƙwanƙwasa tulu su san inda ruwa ya tsaya," in ji shi. Ya ce za a sa sautin a rediyo da yamma, da ma wani zai naɗo wa aji.

Kaset ɗaya tak ne a gidanmu. Baba ya tafi Ikko dakon siminti a tashar jiragen ruwa, wata bakwai ke nan, kuma da yake Inna ba ta iya karanta wasiƙa ba, sai ya naɗo saƙonsa ya ba wani direba ya kawo. Kowace Juma'a, in ta gama surfe ta ɗaure awaki, sai ta shimfiɗa tabarma ta kunna. Don wannan kaɗai ake tattalin batir, in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Na san bayan kaset ɗin babu komai, can na yi niyyar naɗa. Garin sauri ban juya shi ba. Da shirin ya ƙare na mayar baya, sai na ji fito da shuu da tsuwa kamar ta 'yan tsaki. Sai can ƙarshe Baba ya yi tari sau biyu, ya ce, "A gaida yara." Abin da ya rage ke nan.

Kwana biyu hankalina ba ya tare da ni. Na kai wa kawu abinci gona na baro faifan rufin kwanon a can, na fasa tulu a hanyar rijiya. Ko Malam Sabo ban gaya wa ba. "Rana ba ta ƙarya," haka kakata ke cewa, Juma'a kuwa ta zo.

Inna ta kunna. Fiton ya taso, ni kuma na fashe da kuka na zayyana mata komai, har da tulun Malam. Na jira in sha duka, amma ba ta ko dube ni ba. Ta bar fiton ya yi ta tafiya har ya kai kan tarin, ta mayar baya, ta sake ji.

"Maganarsa ai na haddace," ta ce. "Ni ma tulun nake ƙwanƙwasawa. Wannan tarin ba na mura ba ne."

Ba na mura ba ne kuwa. Baba ya dawo lokacin kaka a rame, bai ga wata daminar ba. Inna ta ci gaba da shimfiɗa tabarmarta ran Juma'a, ta zauna cikin kukan Mushtari tun daga farko, ba ta taɓa tsallake shi ba, har ta iso wurin "A gaida yara."

Yau jikokina suna turo mini murya ta waya sau goma a yini, suna dariya wai na cika wayar na ƙi goge ko ɗaya. Ni dai in na kunna, numfashin nake fara saurara kafin maganar.