Ƙuri'a a Tashar Ƙonni

Uwani tana dama fura a tashar Ƙonni, shekarar da rediyo ke ta zancen babban taron ƙasa, idonta na kan wani dogon saurayi mai tabarau ɗaure da zare. Muryarsa a dishe take, irin ta wanda ya saba yi wa taro magana ba lasifika. Direba na kiransa "delege". Wai wakilin ɗalibai ne a jami'ar Yamai.

Motar Illela ta ƙarshe saura gurbi ɗaya, shi da wani tsoho mai buhun albasa kowannensu na cewa shi ya riga zuwa.

"Ku na ciki ku raba mu," in ji saurayin. "Mai son baba ya shiga, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi, har da na direba. Saurayin ya yi dariya, ya ɗora wa tsohon buhunsa bisa mota.

Uwani ta ji a ranta ba yau ya fara faɗuwa zaɓe ba. Ya zo bencinta ya zauna, fuska a sake.

"Inna, dama mini. Jama'a sun ce sai gobe."